Kafin Ki Shafa, Ki San Akwai Likitan Fata

  Yau ina so mu tattauna a kan wani ma'aikacin asibiti wanda da yawa daga cikinmu ba mu san da zamansa ba, alhali kuwa da wuya a sami gidan da ba a bukatarsa, watau likitan fata.

Abin da ya jawo wannan magana shi ne wata yarinya da ke ajina. Shekarunta ba su wuce 9 ba, ga ƙoƙari ga fara'a. Sai na lura kullum hannunta yana kai tana susa, kuma in an fita tara ba ta shiga cikin 'yan'uwanta. Ran nan na ja ta gefe na ce ta buɗe kan in gani. Gashin ya zube a wuri uku kamar an bi da aska, wuri ɗaya har ya kumbura yana fitar da ruwa. Da na aika uwarta ta zo, sai ta ce mini, "Wallahi Malama ba sakaci na yi ba. Wata huɗu ke nan ina saye ina shafa mata. Mai kemis ya ce wannan man maganin kowane irin ƙurji ne."

Na roƙe ta ta kai yarinyar babban asibiti, daga can aka tura su sashen fata. Likitan ya duba kan, ya ɗan kankari ɓawon wajen, ya tsige silin gashi kaɗan aka kai ɗakin gwaji. Ya ce makero ne, kuma ƙwayar cutar ta shige cikin gashin, inda man shafawa ba ya kaiwa. Ya rubuta maganin sha na mako 8, ya hana shafa wancan man, ya ce a kawo ƙannenta ma a duba su, kowa kuma a ware masa matajinsa. Alhamdu lillahi gashi ya tsiro, sai wuri ɗaya kamar faɗin murfin kwalba wanda ya riga ya zama tabo, an ce shi kam ba zai sake tsirowa ba. Da a watan farko aka kai ta, da ko wannan ba ta rasa ba.

Wane Ne Likitan Fata?

To, 'yar'uwa, likitan fata cikakken likita ne kamar kowane likita, sai dai bayan ya gama karatun likitanci ya ƙara wasu shekaru yana koyon cututtukan fata da gashi da farce. Wanda ya kai ƙarshen wannan horo shi ne a asibiti suke kira kwansaltan, watau babban likita wanda ƙananan likitoci suke aiki a ƙarƙashinsa, suke kuma kawo masa abin da ya shige musu duhu.

Hanyar kuwa doguwa ce. A Nijeriya, bayan sakandare sai an yi shekara 6 a jami'a. Sa'an nan shekara 1 ta sanin makamar aiki a babban asibiti, inda sabon likita zai zaga sashen yara da na mata da na tiyata da na manya. Sa'an nan shekara 1 ta bautar ƙasa. Bayan wannan ne zai ci jarrabawar shiga horon ƙwarewa, wanda yakan ɗauki shekara 5 zuwa 6, wani lokaci ma fiye. A kashin farko na horon, cututtukan cikin jiki zai fara laƙanta, irin su na zuciya da ƙoda da hanta da ciwon suga, kana ya koma kan fata kaɗai. A ƙarshe sai ya yi bincike ya rubuta, ya kuma zauna gaban manyan malamai su yi masa tambayoyi. Masu ba da shaidar su ne Kwalejin Horar da Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa da ke Legas, wadda aka kafa a 1979, da kuma takwararta ta Afirka ta Yamma.

In kin haɗa lissafi za ki ga shekara 13 ko 14 ke nan bayan sakandare. Sai ki auna wannan da yaron shagon da ya miƙo miki kwali ba tare da ya ko ga wajen ba.

Abin Da Idonsa Yake Gani

Mu a wurinmu duk abin da ya fito a jiki ƙurji ne ko tabo. Shi kuwa likitan fata yana duba inda abin ya fito, da siffarsa, da bakinsa, ko yana ɓare ɓawo, ko yana ruwa, ko ya fito a ɓangare ɗaya ne ko biyu. Zai tambaye ki yaushe ya fara, da dare ya fi ƙaiƙayi ko da rana, wa ke da irinsa a gida, wane sabulu kike wanka da shi, wane magani kike sha. Sau da yawa kafin ya ɗauki alƙalami ya riga ya gane cutar. In kuma yana shakka, sai ya kankari wajen a duba da madubin likita, ko ya kashe wajen da allura ya yanki ɗan mitsitsin fata a kai gwaji.

Bari in ba ki misali da farin tabo. Mata uku za su iya zuwa da tabo mai haske a jiki, kowacce da tata cutar dabam. Ta farko kyasbi ne, wanda ya fi fitowa a ƙirji da baya da wuya, in an kankara ya yi gari-gari. Zafi da gumi ke ƙara masa ƙarfi, yana jin magani, amma launin wajen yakan ɗauki watanni kafin ya koma daidai. Ta biyu albaras ne, inda fatar takan yi fari fat domin ƙwayoyin da ke ba ta launi sun daina aiki a wajen. Ba a ɗaukarsa ta cin abinci tare ko ta musafaha, kuma ba shi da dangantaka da kuturta, saboda haka ƙyamar da ake nuna wa masu shi zalunci ne kawai. Ta uku kuwa, tabon nata ba ya ƙaiƙayi, ba ya gumi. Likita zai ce ta rufe ido, ya taɓa wajen da ɗan audugar da ya murza. In ba ta ji ba, sai ya lalubi jijiyar gwiwar hannu ya ji ko ta yi kauri. Wannan ita ce alamar farko ta kuturta.

Kada gabanki ya faɗi da jin sunan. Tun 1873 wani likita ɗan ƙasar Norwe mai suna Hansen ya gano ƙwayar cutar, watau ba gado ba ce, ba kuma sammu ba ne. A 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗa magunguna a sha tare, tun 1995 kuma kyauta ake ba da su. Ana sha wata 6 ko wata 12, gwargwadon irin cutar, a warke sarai. A Saye, kusa da Zariya, akwai cibiyar ƙasa ta horar da ma'aikata a kan tarin fuka da kuturta. Gutsurewar yatsun da muke gani a jikin wasu bayin Allah, jinkirin zuwa asibiti ne ya jawo ta, domin jijiyar da ta riga ta mutu ba ta dawowa. Kin ga ke nan ɗan audugar nan a hannun wanda ya san aiki ya isa ya ceci yatsun mutum.

Haka zancen ƙazuwa. Mukan ce ƙazanta ce, amma wani ɗan ƙwaro ne da ido ba ya cika gani, wanda yake haƙa rami a cikin fata yana ƙwai. Ƙaiƙayinta ya fi tsanani da dare, ta fi kama tsakanin yatsu da wuyan hannu da ƙugu. Likita zai ce a yi wa duk mutanen gida magani rana ɗaya, har da waɗanda ba su fara susa ba, a wanke tufafi da zannuwan gado da ruwan zafi a shanya a rana. In ɗaya aka yi wa aka bar saura, to aikin banza ne, za ta dawo. Kuma ba abin rainawa ba ce, domin in yaro ya sosa wajen ya yi ruwa, wasu ƙwayoyin cuta sukan shiga har su taɓa ƙodarsa.

Akwai kuma abin da ya shafi adonmu. Wata da zarar ta sa 'yan kunne ko sarƙa sai wajen ya yi ƙuraje, saboda wani ƙarfe da ake kira nikel. Wata kuma baƙin lallen nan da ake haɗawa da rinin gashi ne yake sa hannunta ya tashi ya yi ruwa ana gobe ɗaurin aure. Likitan fata yana da gwajin da yake manna ƙananan abubuwa a bayan mutum, a bar su kwana biyu, a cire a duba wanda jiki ya ƙi, a sake dubawa bayan wasu kwana biyun. Daga nan kin san abokin gabarki. Kitso mai tsauri shi ma yakan cinye gashin goshi sannu a hankali. In an sassauta da wuri gashi zai dawo, in an daɗe ana ja kuwa ya tafi ke nan.

Abin da ya sa ake fara koya masa cututtukan ciki shi ne, fata takan tona asirin abin da ke ɓoye. Wuyan da ya yi baƙi ya yi kauri, wanda ake ta gogawa da soso ana cewa dauɗa ce, yana iya zama gargaɗin ciwon suga. Haka maruru mai yawan dawowa. Ƙaiƙayin duk jiki ba tare da ƙurji ba yana iya fitowa daga hanta ko ƙoda. Baƙin tabo a tafin ƙafa wanda yake ƙara faɗi, ko gyambon da ya ƙi warkewa, yana iya zama ciwon daji. Duk wannan babu wanda man shafawa zai warkar.

Biyu Daga Cikin Magabata

Cikin likitocin fata na farko 'yan Nijeriya akwai Farfesa Anezi Okoro, wanda aka haifa a 1929 a garin Arondizuogu da ke Jihar Imo ta yanzu, ya kuma yi aiki a Inugu. 'Yan makaranta da yawa sun san shi ta littafinsa na Turanci mai suna One Week One Trouble, ba su san likita ba ne. A 1975 ya buga sakamakon binciken da ya yi a kan zabaya 1,000, inda ya nuna irin ɓarnar da rana take yi wa fatarsu har ta kai ga ciwon daji, da kuma wariyar da suke sha a cikin jama'a. Darasin da ya bar wa iyaye mai sauƙi ne: a sa wa zabiya malafa da riga mai dogon hannu, a hana ta zama cikin garjin rana, a kai ta a duba duk wani ƙurjin da ya ƙi warkewa. Kuma a sani, daga uwa da uba duka biyu ake gadon wannan halitta, saboda haka kada a ɗora wa uwa laifi. Ya rasu a 2024.

Ta biyu mace ce 'yar'uwarmu, Farfesa Yetunde Olumide, wadda ta shafe shekaru masu yawa tana duba marasa lafiya da koyar da ɗalibai a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas. Ta yi bincike a kan abubuwan da fatar 'yan Nijeriya take ƙi, ta kuma rubuta littafi mai hotuna domin ma'aikatan lafiya da ke aiki inda babu likitan fata. Amma abin da aka fi saninta da shi shi ne yaƙi da man bilicin. A 2008 ita da abokan aikinta suka buga bayani a kan illolinsa, a 2016 kuma ta fitar da babban littafi mai juzu'i biyu a kan wannan al'ada.

Garin Gyaran Gira

A nan zan ɗan tsaya, domin abin ya shigo mana har cikin ɗaka. Abubuwa uku ne suka fi yawa cikin waɗannan mayuka, kuma likitocin fata sun daɗe da sanin halin kowanne.

Na farko shi ne sitiroyid. Magani ne mai kyau in likita ya rubuta shi domin kirci ko kumburin fata, na ɗan lokaci ƙayyadadde. Amma in aka mai da shi man shafawa na kullum, fata takan yi siriri har jijiyoyi su bayyana, nankarwa mai faɗi ta tsattsage hannu da cinya, ƙuraje su feso a fuska, makero da kyasbi su sami wurin zama. Yana kuma ratsa fata ya shiga jini, ya jawo hawan jini da ciwon suga. Shi ne yake cikin yawancin mayukan da ake cewa maganin kowane ƙurji ne, irin wanda aka shafa wa yarinyar ajina. Yakan kwantar da ƙaiƙayi, a ɗauka sauƙi ya samu, alhali cutar tana ƙara yaɗuwa a ƙarƙashi.

Na biyu shi ne haidirokwinon. Da fari yakan sa haske, amma bayan an daɗe sai kumatu da goshi da wuya su yi baƙi ƙirin mai ɗigo-ɗigo, wanda fitar da shi yake da matuƙar wuya. Likitoci a Afirka ta Kudu sun bayyana wannan illa tun 1975. Na uku shi ne zaiba, wadda ake sawa a wasu sabulai da mayuka. Tun 1972 likitoci a Nairobi ta ƙasar Kenya suka danganta ta da ciwon ƙoda a jikin mata masu shafa, kuma tana iya isa ga ɗan da ke ciki.

Cikin illolin da Farfesa Olumide ta lissafa har da warin jiki irin na kifi, da ƙin warkewar rauni, da ɓallewar ɗinki bayan tiyata. Ki yi tunanin mace da aka yi wa aiki aka ciro jariri, ana ɗinke ta fata tana yagewa. A 2023 hukumar NAFDAC ta bayyana wannan al'ada a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa ga ƙasa baki ɗaya. Abin takaici, yanzu har jarirai wasu suke shafa wa, alhali fatar jariri ta fi ta babba saurin tsotse magani. Launin da Allah Ya ba mu shi ne yake kare mu daga zafin rana. Ai kuwa garin gyaran gira kada a rasa ido.

In kin riga kin daɗe kina shafawa, kada ki yanke ƙauna, kada kuma ki daina rana ɗaya da kanki. Jikin da ya saba da sitiroyid yakan yi bori in an yanke shi farat ɗaya, shi ya sa da yawa suke komawa. Likita shi ya san yadda zai rage miki shi kaɗan-kaɗan har ki rabu da shi lafiya.

In Za Ki Je Wurinsa

Likitocin fata 'yan ƙalilan ne a ƙasar nan, kuma galibi a manyan asibitoci ake samunsu, kamar asibitocin koyarwa na Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri da Jos. Ki fara zuwa asibitin da ke kusa da ke. In an yi magani abin bai ja baya ba, ki nemi a ba ki takardar tura ki sashen fata. Ki tambayi ranar da suke ganin marasa lafiya kafin ki kashe kuɗin mota.

Ran da za ki, kada ki shafa hoda ko mai a wajen. Ki zuba duk abin da kika taɓa shafawa ko sha a jaka ki tafi da shi, har da haɗin da ba shi da suna da na gargajiya. Ki faɗi gaskiya, domin likita ba alƙali ba ne. In kina da ciki ko kina shayarwa ki faɗa tun kafin ya rubuta magani. In an ce mako 8, to ki cika mako 8 ko da kin ga sauƙi a mako na biyu. Maganin da aka rubuta miki kuma kada ki ba maƙwabciya don kin ga nata ya yi kama da naki. Ki tuna da matan nan uku masu farin tabo.

Ku kuma iyayen gida maza, na san kuna leƙa wannan fili. In uwargida ta nemi izinin zuwa asibiti saboda tabo ko ƙaiƙayi, don Allah kada a ce ai ƙurji ne kawai. Kuɗin mota na yau ya fi sauƙi a kan kuɗin jinya na baɗi.

Gare Ku 'Yan Makaranta

Ƙannena, ga inda maganar ta zo kanku. Ciwon fata sai an buɗe an gani, wani lokaci ma a wurin da mace ba ta son buɗewa. Mata nawa ne suke zaune a ɗaka da ciwo a ƙirji ko a cinya shekara da shekaru, saboda kunyar tuɓewa gaban namiji? Da sun san mace 'yar'uwarsu za su tarar, wadda take jin Hausa, ta san dilka da lalle da kitso, da tuni sun fito. Wannan gurbi ku yake jira.

Mai sha'awa ta riƙe Turanci da lissafi da darussan kimiyya uku, watau fizis da kemistiri da bayoloji, domin sai da kyakkyawan sakamako a dukansu ake shiga karatun likita. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta soma koyar da likitanci tun 1967, yanzu kuma jami'o'in da suke koyarwa a Arewa suna da dama. Kada yawan shekarun ya karya miki gwiwa, domin daga shekarar sanin makamar aiki ake fara biyan albashi, kuma mata da yawa sun yi wannan horo suna ɗakin mazajensu da goyo a baya. Sannu ba ta hana zuwa.

Iyaye mata, ku ma da naku aikin. Yarinyar da aka ɗora wa talla da safe, ta dawo ta kama wanke-wanke har dare, yaushe za ta buɗe littafi? Ku rage mata aiki lokacin jarrabawa, ku riƙa tambayar malamanta yadda take ƙoƙari. Yarinyar nan ta ajina da na ba ku labari, yanzu in na tambayi abin da kowa yake so ya zama, ita ce take fara ɗaga hannu. Allah Ya cika mata burinta, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.